Ciwon da Ya Hana Ta Bungudu Kwanciya

Matata ta rasu a bazarar 1998. Duk wanda ya zo mini ta'aziyya sai ya ce, "Ai Allah Ya hutar da ita." Gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai babu wanda ya tambaye ni yadda jinyar ta kasance, ni kuwa ita ce ta tsaya mini a rai. Shi ya sa na zauna na rubuta, ko Allah Ya sa wani mai irin majinyacina ya karanta, ya rage wa nasa wahala.

Sunana Garba, a Tsafe nake zaune, na yi koyarwa a firamare har na yi ritaya. Ita kuwa sunanta Rabi, amma Ta Bungudu nake ce mata, don daga can aka kawo mini ita. Idan na ba ta haushi sai ta rama, ta ce mini Hedimasta, alhali ta sani sarai har na bar aiki mataimaki nake. 'Ya ɗaya Allah Ya bar mana, Bilkisu, tana aure a Jos.

Tun tana amarya Ta Bungudu take toya waina ta sayarwa. Madafarta ɗan ɗaki ne mai taga kamar tafin hannu, ciki baƙi wuluk. Da rani karan dawa take hurawa, da damina jiƙaƙƙen itace, ta durƙusa tana busa wuta idanunta na zubar da ruwa. Da kuɗin wainar nan aka yi wa Bilkisu kayan ɗaki, da su muka rufa wa kanmu asiri duk watan da albashi ya yi jinkiri. Tarinta kuwa ya daɗe da zama ɗan gida. Da shi nake gane ta tashi da safe, da shi nake gane tana bayan ɗaki. Ba mu taɓa lissafa shi cikin ciwo ba.

Da daminar 1997 ne abin ya canza. Sai ta ja guga rabi ta tsaya, ta dafa bakin rijiya tana haki. Daga baya ta koma salla a zaune. Kowa ya kawo nasa maganin: zuma da tafarnuwa, citta da man shanu, sassaƙe kala-kala, rubutu, allurar mai kemis. Duk mun gwada, kuma ba na raina ko ɗaya, don kowa da kyakkyawar niyya ya kawo. Da na ga ƙafafunta sun fara kumbura, na ce mu tafi Gusau.

Lokacin ba a daɗe da mayar da Gusau babban birnin jiha ba, garin ya cika da baƙi, asibitin da muka je kuma bai ƙara girma ba. Layin yankar kati daban, na ganin likita daban, na hoton ƙirji daban, sannan a ce ka dawo jibi. Mai lafiya ma ya ji jiki, balle wadda ke tafiya tana tsayawa kamar mai ɗauke da buhun gero. Sai da muka yi ta zirga-zirga kafin muka zauna gaban likita da sakamako a hannu. Yaro ne matashi mai haƙuri. Ya ɗaga hoton ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ta ko tana shan taba.

"Taba?" Ta juyo ta dube ni. "Malam, kana jin abin da yaron ga ka hwaɗi?"

Na yi masa bayanin waina da madafa. Ya gyaɗa kai, ya ce ba tarin tibi ba ne, ba ya kama kowa, hayaƙi ne ya cinye huhun a hankali. Da ta fita, ya tsayar da ni ya ce, "Baba, ba zan ruɗe ka ba. Wannan ba ciwon da ake warkewa ba ne. Abin da ya rage mana shi ne mu sauƙaƙa mata numfashi, ta ji daɗin sauran kwanakinta." Na ji haushinsa ƙwarai a ranar, har na ce a raina shi wa ye da zai yanke wa baiwar Allah hukunci. Yau kuwa cikin duk waɗanda na gani a asibitin nan shi na fi yi wa addu'a.

Bayan girbi ta tashi da wani irin shaƙewa, aka ba ta gado. Tukunyar iska ɗaya ce a ɗakin matan, ana jan ta daga gado zuwa gado, wadda ta fi kusa da mutuwa ita ke samu. Ba a barin maza su zauna ciki sai lokacin ziyara, don haka a gindin dalbejiya nake wuni, ina kallon tagar ɗakin. Na sayar da awakinta, na sayar da kekena. Da ta ɗan samu kanta, likitan ya ce in kai ta gida da magunguna da abin fesawa a baki, ya ce zaman asibiti ba zai ƙara mata komai ba sai kewar ɗakinta.

A unguwarmu akwai wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, Sista Mairo. Allah Ya saka wa matar nan da alheri. Ba ta taɓa karɓar komai a hannuna ba, ko goro na miƙa sai ta ce in ajiye wa baƙi. Takan leƙo da hantsi, ta duba ƙafafun, ta saurari ƙirjin, ta zauna su yi hira. Ita ta shimfiɗa mini dokokin ɗakin: kada hayaƙi kowane iri ya shiga, ko na turare ne, taga a buɗe, a riƙa yi mata fifita a fuska, abinci kaɗan-kaɗan. Babbar dokar kuwa, kada a kwantar da ita miƙe, don da ta kwanta sai ƙirjin ya toshe.

To, a nan muka sha wahala. Mun tara filo, mun naɗe tabarma da bargo, amma da barci ya fara ɗaukar ta sai ta zame, ta farka a firgice tana kama iska da hannu. Wata rana Sista Mairo na gyara shimfiɗa, ta ce in hau gadon in riƙe ta ta baya. Na zauna na jingina da bango, ita kuma ta jingina da ƙirjina. Kafin a gama gyaran sai muka ji shiru. Ta yi barci. Sista ta ɗora yatsa a baki, ta ɗauki jakarta ta fita a hankali.

Tun daga ranar haka muke yi. In rufe ƙofar gida, in hau gado, in zama abin jinginarta, mafici a hannuna. Ƙafata ta yi ta mutuwa, bayana ya ƙage, amma ba na motsi. Idan ta farka sai ta ce, "Hedimasta, wanga aikin ya hi dacewa da kai bisa ga koyarwa." Shekara da shekaru muna tare, ban taɓa zama kusa da ita haka da rana tsaka ba. Irin tarbiyyarmu ke nan, ko abinci ba mu ci tare.

A waje kuwa magana ta bazu cewa tibi ne. Na faɗi abin da likita ya ce har bakina ya gaji, ba wanda ya yarda. Matan da suka shekara suna cika mana tsakar gida don waina suka koma gaisuwa daga ƙofar ɗaki, gefen mayafi a hanci. Daga baya suka koma aiko da gaisuwa, daga nan kuma shiru. A masallaci a ce mini "Ya mai jiki?" ana sa takalmi, kafin in amsa an yi gaba. Na koyi dama kunu a can bakin zaure, nesa da tagarta. Na koyi wanki. Sai mu wuni ba wanda ya yi mana sallama in ba Sista Mairo ba. Abin ya ci mini rai, amma ita ya fi ci wa, don mace ce mai son jama'a. Bilkisu ta zo ta yi mako biyu, ga tsohon ciki ga ƙananan yara, dole ta koma.

Ana cikin haka Gwaggo Asabe ta zo daga Bungudu. Ƙanwar mahaifin Rabi ce, ita ta riƙe ta tun daga yaye, ita ta aurar da ita. Saboda haka ita ce surukata, wadda ban taɓa haɗa ido da ita ba, ban taɓa zama inda take zaune ba. Ta shigo ta tarar da ni tsugune ina wanke zannuwan matata. Ta tsaya ta dube ni, ta dubi kumfar da ke hannuna.

"Ashe Rabi ba ta da dangi," in ji ta.

Ba faɗa ta yi ba. Al'ada ta faɗa, wadda ni ma na sani: idan ciwon mace ya yi nisa, danginta ke ɗaukar ta su yi jinyarta, don akwai hidimar da namiji ba ya yi. A ganinta abin kunya ne gare su a ce miji ke wanke ta. Ta ce za ta tafi da ita. Na ce likita ya ce kaza, Sista Mairo ma ta zo ta jera mata dokokin, Gwaggo tana cewa "To, to." Abu ɗaya ne na kasa faɗa. Da wane baki zan dubi surukata in ce 'yarta ba ta barci sai a ƙirjina? Rabi ma ba ta iya faɗa ba. Da ana sa ta a mota ta dube ni, na sunkuyar da kai ina gyara mata ƙullin magani.

Daga Tsafe zuwa Bungudu mota biyu ce, sai ka sauka a Gusau ka sake wata. Ga shi shekarar ana wahalar mai, sai ka yi rabin wuni a tasha kana jiran mota ta cika. Ina zuwa duk bayan kwana biyu ko uku. Kuma don Allah kada wanda ya karanta wannan ya zagi mutanen gidan nan. Sun riƙe ta da hannu biyu. Sun yi mata wanka, sun yi mata kitso, sun yanka mata kaza, ɗakin Gwaggo kullum cike da mata ana hira. Abin da ta rasa a Tsafe ta samu a can.

Amma sun kwantar da ita. A wurinsu majinyaci kwanciya yake yi, barin shi a zaune rashin tausayi ne. Da ta yunƙura za ta tashi sai hannuwa su mayar da ita a hankali, ana cewa, "Kwanta ki huta, Rabi." Sun toshe tagar da tsumma don kada iska ta ƙara mata sanyin ƙirji. Wani mai magani kuma ya ba su saiwoyin da ake turarawa, aka ajiye kasko a gindin gado, aka lulluɓe ta don ta shaƙa da kyau. Hayaƙi ya kai ta ga wannan hali, ga shi da hayaƙi ake nema mata lafiya.

Ni kuwa a gidan baƙo ne, kuma suruki. In na zo sai in cire takalmi tun daga nesa, in tsuguna a ƙofar ɗakin, in gaida Gwaggo kaina a ƙasa, in ce "Ya jiki?" a ce "Da sauƙi," in tashi in koma zaure. A can ake kawo mini fura. In zauna ni kaɗai, bango ɗaya tsakanina da ita, ina jin tarinta. Na san kowane irin tari nata. Na san wanda ke nufin tana son ruwa, na san wanda ke nufin a ɗaga ta. Ina ji, ba halin in tashi. Na roƙi wanta ya yi wa matan magana a kan kaskon, ya ce in sha Allah, amma maganar maza a bakin zaure take mutuwa. Na daure na faɗa wa Gwaggo da kaina, aka fitar da shi ranar, da na dawo na tarar an mayar.

Da yamma in koma Tsafe, in buɗe gida ba kowa. Wani lokaci ko fitila ba na kunnawa. Gadon na nan da filon da muka tara, ni kuma sai in shimfiɗa tabarma a ƙasa. Ban taɓa sanin gidan nan yana da girma haka ba. Na yi kewarta, kuma na ji haushin kowa, har da ita da ta tafi ba ta ce uffan ba.

Sista Mairo ce ta tare ni wata safiya, ta tambayi jikin. Na gaya mata yadda ake ciki. Ta ce, "Malam Garba, lokacinta ya matso, ba mai hana shi. Amma akwai tahiya cikin sauƙi, akwai tahiya cikin shaƙewa. Wagga kam hannun mutane take."

Washegari na isa Bungudu kafin azahar, ana wani irin zafi mai sa mutum ya rasa inda zai sa kansa. Na tsuguna a ƙofar ɗakin kamar kullum. Wannan karon na ɗaga kai. Tana kwance, leɓɓanta sun yi baƙi, ƙirjinta na ɗagawa da ƙyar, idanunta a kaina. Ta yi magana, kalma ɗaya numfashi ɗaya.

"Malam. Zo. Ka tashe ni."

A gaban Gwaggo ta faɗa, a gaban yayyenta, matar da ko sunana ba ta taɓa kamawa a gidan nan ba. Wata daga cikinsu ta ce, "Zahin ciwo na," ta miƙa hannu za ta gyara mata lulluɓi.

Na shiga. Ban san lokacin da na tsallake dokin ƙofar ba. Na ɗauki kaskon na kai tsakar gida, na zare tsumman tagar, na hau gadon surukata da ƙafafuna, na ɗago matata na jingina ta da ƙirjina. Na ji wata ta yi salati. Matan suka fice ɗaya bayan ɗaya suna rufe fuska. Gwaggo kaɗai ta rage, ta juya ta fuskanci bango.

A hankali hakin ya fara lafawa. Kanta ya yi nauyi a kafaɗata. Can sai Gwaggo ta waiwayo, ta daɗe tana kallon fuskar 'yarta.

"Kwana take?" ta tambaya ƙasa-ƙasa.

Na ce, "Barci take, Gwaggo."

"Tun da munka zo da ita ban ga ta runtsa ba." Ta share ido da bakin zane. "Mi ya hana ka hwaɗa mani?"

Ba ta jira amsata ba. Ta miƙo mini maficinta, ta ɗauki tabarma ta shimfiɗa a ƙofar ɗakin ta waje. Duk wadda ta zo dubiya sai in ji ta ce, "Ku dakata, mijinta na ciki."

Ban koma Tsafe ba. An yi magana a unguwar, na sani, har an ce tsufa ya taɓa Malam Garba. Ban damu ba. A 'yan kwanakin nan ta sha kunu, ta yi barci, ta yi salla da ishara, har ta tsokane ni sau ɗaya cewa ƙashi ya yi mini yawa, in riƙa cin abinci. Aka ba wani direba saƙo zuwa Jos.

Ga abin da nake so in bar wa mai karatu. Idan kana da mai irin wannan ciwon, ka tambayi likita gaskiya, kuma ka yarda da ita in ya faɗa. Ka raba shi da hayaƙi, ko da sunan magani ya zo. Ka buɗe masa taga, ka bar shi ya zauna. Makwabta kuma ku shiga ku gaishe shi, ba kowane tari ke kama mutum ba. Abin da majinyaci ke samun sauƙi da shi, a faɗe shi a fili ko gaban wa, don ita kunya tana nan bayan jinya, za a iya ci gaba da ita.

Ranar ƙarshe Alhamis ce. Bilkisu ba ta iso ba tukuna. Bayan azahar Ta Bungudu ta buɗe ido, na yi kalmar shahada kusa da kunnenta, leɓɓanta suka bi ni. Daga nan ta koma barci. Ina yi mata fifita, ina jin bayanta na taɓa ƙirjina yana komawa, a hankali, a hankali. Ban san lokacin da ya daina ba. Ko kuma na sani, na ƙi yarda. Na ci gaba da fifita, ban motsa ba, don kada in tashe ta.

Da aka kira la'asar Gwaggo ta shigo ta ga ko zan fita salla. Ta dubi Rabi, ta sa hannu a wuyanta, ta yi Inna lillahi. Ta shafa mata ido. Sannan ta karɓe maficin daga hannuna, ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Malam Garba, kwantar da ita," in ji ta. "Yanzu tana iyawa."

Na kwantar da ita a kan damanta, na miƙe mata ƙafafu. Mata suka fara shigowa da ruwan wanka. Na nemi takalmina na koma zaure.

Allah Ya jiƙan Rabi, Ya yalwata mata makwancinta.